Ruwan Tur'a Ba Ya Zaɓen Gona

Nazarin mako ɗaya a kan Kwalejin Komboni ta Khartum

Muna gaishe ku musamman, 'yan'uwa da ke bin shirye-shiryenmu a Hajj Abdalla da Mai Wurno da Sinnar da Madani, da dukan ƙauyukan Jazira da na bakin Nilul Azrak. Kogin nan da ke wucewa kusa da gidajenku, in ka bi shi arewa zai kai ka Khartum, inda ya gamu da Farin Nilu. A tsakiyar wannan birni aka buɗe wata makarantar ikilisiyar Katolika a shekarar 1929. Sunanta Kwalejin Komboni, mutanen Sudan kuwa suna ce mata Kamboni. A wannan mako za mu duba tarihinta da halinta, mu ga abin da Allah zai koya mana. Ko kai ɗan wace ikilisiya ne, darasin naka ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya mai bi zai zama mashaidin Almasihu a wurin da ba a ba bakinsa izinin wa'azi ba? Kowace rana ka fara karanta wurin da aka ba ka a Littafi Mai Tsarki tukuna, sa'an nan ka bi bayanin.

LAHADI
Ƙwayar da ta faɗi a ƙasa
Karatu: Yahaya 12:20-26

Sunan da ke bisa ƙofar makarantar sunan wani ɗan talakawa ne. An haifi Daniyel Komboni ran 15 ga Maris 1831 a wani ƙaramin gari mai suna Limone, a arewacin Italiya. Mahaifinsa mai aikin lambu ne. A cikin 'ya'ya 8 da aka haifa a gidan, shi kaɗai ya rayu har ya girma. Da ba domin wani fada mai suna Nikola Mazza ya buɗe makaranta ga 'ya'yan matalauta a birnin Verona ba, da yaron nan bai yi karatu mai zurfi ba. Ka lura da wannan: wanda makarantu da yawa ke amsa sunansa yau, shi ma wani ne ya buɗe masa ƙofa.

An naɗa shi fada a 1854. A 1857 ya bar tsofaffin iyayensa, ya taso zuwa Sudan tare da abokan aiki 5. Kafin su daɗe, zazzaɓi ya kashe waɗansu daga cikinsu. Mahaifiyarsa ta rasu yana nesa. Shi kansa ciwo ya sa ya koma gida a 1859. Amma zuciyarsa ba ta bar bakin Nilu ba. Ya sake dawowa, aka naɗa shi bishop a 1877, ya yi fama da cinikin bayi da fari da yunwa, har ya mutu a Khartum ran 10 ga Oktoba 1881, yana da shekara 50.

Bayan mutuwarsa da shekara 3 da 'yan watanni, a Janairu 1885, Khartum ta faɗa hannun rundunar Mahadi. Aikin mishan ya tsaya cak. Duk wanda ya duba da idon mutum a ranan nan zai ce wahalar Komboni ta tafi a banza.

Kai manomi ne, ko ɗan manomi. Ka san irin dawar da ka ajiye a tukunya yana nan lafiya, ba ya lalacewa, ba ya kuma ciyar da kowa. Wanda ka binne a ƙasa, ya ɓace wa idonka, shi ne ke fito da zangarniya. Abin da Ubangiji Yesu ya koyar ke nan sa'ad da yake maganar mutuwarsa, shi kuma ya fara bin wannan hanya a bisa gicciye. Shekara 48 suka wuce tsakanin kabarin Komboni da buɗe makarantar. Bai ga ko tubali ɗaya nata ba.

Ɗan'uwa, me kake riƙewa a tukunya domin tsoron hasara? Lokacinka ne, ko iliminka, ko kuɗinka? Abin da ka miƙa wa Allah bai ɓata ba, ko da ba kai za ka yi girbin ba.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mini in ba da kaina kamar yadda Ɗanka ya ba da kansa. Ka ba ni bangaskiyar shuka abin da waɗansu za su girba. Amin.

LITININ
Wa zai fassara mini?
Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39

Mutumin da Filibus ya tarar a hanyar hamada ma'ajin sarauniya Kandakatu ne. Masana tarihi sun nuna cewa wannan laƙabi na sarauniyoyin Marawi ne, tsohon birnin da kufansa ke arewa da Shandi, a cikin Sudan ta yau. Wato ɗan ƙasar nan ne. Ga shi babban mutum, ga littafin annabi Ishaya a hannunsa, ya iya karatu, amma ma'anar ta ɓoye masa. Bai ji kunyar neman mai bayani ba. Allah kuwa ya aiko masa da malami. Da aka gama, Ruhu ya ɗauke Filibus, mutumin ya ci gaba da tafiyarsa gida da murna. Baƙon ya tafi, ɗan ƙasa ya koma wurin mutanensa ɗauke da haske.

Komboni ya fahimci wannan bayan ya binne abokansa. Ya ga Turawa ba su jure zafi da zazzaɓin ƙasar, ya kuma ga yaran Afirka da ake kai wa Turai suna shan wahalar sanyi, suna kuma rabuwa da al'adun gida. A 1864 ya rubuta wani shiri, gindin shirin kuwa shi ne 'yan Afirka da kansu za su ɗaga Afirka. A buɗe makarantu a nan, a horar da malamai da masu sana'a da masu jiyya, maza da mata, su su koyar da 'yan'uwansu. A zamanin da ake sayar da baƙar fata a kasuwa kamar awaki, wannan magana ba ƙarama ba ce. Ya fara da makarantu a Alƙahira a 1867, ya kuma kafa ƙungiyar mata masu hidima a 1872, domin ya tabbata aikin ba zai yiwu ba sai da mata.

Ga misali ɗaya. Wani yaro Badinke da aka kama bauta ya tsere, ya shiga gidan mishan a El Obeid. Komboni ya karɓe shi, ya ba shi sunansa, daga baya aka tura shi karatu Roma. Wannan yaro, Daniyel Sorur, shi aka naɗa fada a 1887. Masu cinikin bayi sun dube shi sun ga kuɗi. Bawan Allah ya dube shi ya ga malami.

To, kai me kake gani in ka dubi yaran unguwarku, masu tallan ruwa da masu tsinkar auduga? A cikinsu akwai likita, akwai malama, akwai mai bishara. Suna jiran wanda zai zauna kusa da su kamar yadda Filibus ya hau karusa ya zauna. Shugaban da ba ya horar da magaji, aikinsa zai bi shi kabari. In kana da abin da ka sani, ka nemi mutum ɗaya ka koya masa tun yau.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idona in ga mutane yadda kake ganinsu. Ka sa in zama mai bayani ga wanda ke nema. Amin.

TALATA
Ƙaramar ƙofa
Karatu: Irmiya 29:4-14

Bayan yaƙin Karari a 1898, Sudan ta shiga hannun Ingila da Masar, 'yan mishan kuma suka fara komowa. Sai suka tarar da doka. Turawan mulki, domin gudun tashin hankali, sun hana a yi wa Musulmi wa'azi a arewacin ƙasar. Abin da aka bari shi ne makaranta da ɗakin magani. Mutanen da suka bar gidajensu domin shelar bishara aka ce musu: ku koyar da lissafi, ku wanke gyambo.

Suna iya yin fushi su koma. Suna iya zama suna gunaguni, suna jiran ranar da doka za ta sake. Maimakon haka suka shiga ta ƙaramar ƙofar da aka bar musu, suka yi aikin da zuciya ɗaya. Haka aka kai ga buɗe Kwalejin Komboni a 1929. Da fari yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne mazauna Khartum: Girkawa, Italiyawa, Armeniyawa, 'yan Sham, Kibɗawa, Yahudawa, Indiyawa. Sannu a hankali iyayen Sudan suka ga irin yaran da ke fitowa daga can, suka kawo nasu, har 'yan ƙasa suka zama su ne masu rinjaye.

Karatunmu na yau wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila. Sun ƙosa su koma gida, annabawan ƙarya kuma suna gaya musu zaman ba zai daɗe ba. Allah ya aiko musu da wata magana dabam ta bakin Irmiya. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi lafiyar birnin da suke baƙunci, su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa.

Bahaushen Sudan ya san wannan darasi a jikinsa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi hijira gabas, suka kafa gari a bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar. Waɗansu kuma niyyar Makka ta fito da su, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Da aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka yi shuka da tsinkar audugar da ta riƙe arzikin ƙasar. Baƙi ne, amma guminsu ya ciyar da gari.

Wataƙila kai ma kana inda ba za ka iya tsayawa a kasuwa ka yi wa'azi ba. Wataƙila gidanka ne kaɗai gidan masu bi a ƙauyen. Kada ka ce Allah ya manta da kai, kada kuma ka naɗe hannu. Ka duba ƙofar da ke buɗe, komai ƙanƙantarta. Allah bai raina ta ba.

Addu'a: Ya Allah, ka albarkaci garin da nake zaune, da shugabanninsa, da maƙwabtana. Ka nuna mini ƙofar hidimar da ka buɗe mini. Amin.

LARABA
Alheri marar ƙugiya
Karatu: Matiyu 5:43-48

Ka tsaya a bakin tur'a ka duba. Ruwan ya taso daga madatsar Sinnar, ya bi babbar tur'a, ya rabu zuwa ƙanana, ya shiga abu ishirin, daga nan ya malala cikin hawasha. Da ya iso bakin gona, ba ya tambayar sunan mai ita. Ba ya cewa wannan ta Bahaushe ce, waccan ta Balarabe, wannan mai zuwa masallaci ne, wancan mai zuwa majami'a. Duk inda aka buɗe masa, yana shiga ya ba da rai. Yesu ya ce haka Ubanmu na sama yake da ranarsa da ruwan samansa, ya kuma kira mu mu ɗauki halin Ubanmu.

Wannan shi ne babban halin Kwalejin Komboni. Makarantar ikilisiya ce, fadoji ne suka riƙe ta, ba ta taɓa ɓoye gicciyenta ba. Duk da haka shekara da shekaru yawancin ɗalibanta Musulmi ne. Sun shiga Musulmi, sun fita Musulmi. Iyayensu sun amince domin sun ga ba a yi wa 'ya'yansu dabara ba. Yaro Musulmi da yaro Kirista suka zauna a benci ɗaya, suka yi jarrabawa ɗaya, suka buga ƙwallo a fili ɗaya.

A cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Sadik al-Mahadi, wanda ya zama firayim minista sau biyu, daga 1966 zuwa 1967, da kuma daga 1986 zuwa 1989. Shi tattaɓa-kunnen Mahadi ne. Ka tuna abin da muka karanta ran Lahadi game da shekarar 1885. Gidan da rundunarsa ta kawo ƙarshen mishan na fari, shi ne ya aiko ɗansa makarantar magadan Komboni, su kuma suka karɓe shi suka koyar da shi. Babu wanda ya tone tsohon ciwo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A nan sai mu binciki zukatanmu. Akwai alherin da yake kamar tana a bakin ƙugiya. Mai kamun kifi ba ƙaunar kifin yake yi ba. In ka ba maƙwabcinka magani ko hatsi da sharaɗin ya bi addininka, ciniki ka yi, shi ma zai gane. Yesu ya warkar da kutare 10, ɗaya kaɗai ya komo godiya, bai kuwa mayar wa sauran 9 kuturtarsu ba.

Wannan ba ya nufin ka ɓoye Ubangijinka. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Sai dai tambayar takan zo ne bayan mutum ya daɗe yana kallon rayuwarka. Sāke zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Naka shi ne ƙauna ta gaskiya.

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake alherina daga kowace dabara. Ka sa in ƙaunaci maƙwabcina domin kai ka fara ƙaunata. Amin.

ALHAMIS
Samari a makarantar Babila
Karatu: Daniyel 1:3-20

Yau maganarmu da matasa ce, musamman ku da ke ajin ƙarshe na sakandare, 'yan shekara 16 zuwa 18, masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Shekarun nan kaɗan ne, amma a cikinsu ake ɗora harsashin mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daniyel da abokansa uku samari ne kamarku. An kai su makarantar sarki a baƙuwar ƙasa, aka koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa har shekara 3. Ba su ce wannan ilimin arna ne, ba ruwanmu da shi ba. Sun yi karatu har suka fi kowa. Amma akwai iyakar da suka sa wa kansu, ba su ƙazantar da kansu da abincin sarki ba. Ilimi da tsoron Allah suka tafi tare, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya.

Me ya sa iyayen Khartum suka riƙa neman wa 'ya'yansu wuri a Kamboni? Domin an san ta da tsari da horo da koyarwa mai kyau. Shekaru masu yawa da Turanci aka koyar a can, ɗalibanta kuma suka shiga jami'o'i a gida da waje, suka zama likitoci da injiniyoyi da malamai da 'yan kasuwa. Matan ƙungiyar Komboni su ma sun riƙe makarantar 'yan mata a birnin. Da malaman suna zuwa aji a makare, suna ba da maki da son zuciya, da ba wanda zai saurari abin da gicciyen ƙofarsu ke faɗi. Ingancin aikinsu shi ya zama wa'azinsu.

Ɗana, 'yata, ka ji wannan da kyau. Ɗalibi mai bi da ke satar amsa a jarrabawa ya ɓata sunan Yesu a gaban dukan ajin. Malami mai bi da ke karɓar albashi ba ya shiga aji, ko ya yi waƙa da ƙarfi ran Lahadi, yaran sun riga sun karanta shi. Haka ma tela da ke cin yadin mutane, da mai awo da ke danne mudu. Maƙwabcinka wataƙila ba zai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma kullum yana karanta aikin hannunka.

Ku iyaye kuma, kada ku cire yaro daga aji domin kaka ta zo, kada ku yanke wa yarinya karatu domin mai neman aure ya ƙosa. Kuɗin tsinkar auduga na bana zai ƙare kafin damina. Abin da ya shiga kan yaro ba ɓarawon da zai sace shi, ko gudun hijira ya kama, da shi zai tafi.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba matasanmu hikima irin ta Daniyel. Ka sa aikin hannuna ya zama abin girmama sunanka. Amin.

JUMMA'A
An fyaɗa mu ƙasa, ba mu hallaka ba tukuna
Karatu: 2 Korantiyawa 4:7-18

Kada ka zaci hanyar makarantar nan shimfiɗaɗɗiya ce. Sudan ta sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1956. A 1957 gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudu. A 1962 aka kafa dokar da ta ƙuntata aikin 'yan mishan, a Fabrairu 1964 kuma aka kori dukan 'yan mishan baƙi daga kudancin ƙasar, yawancinsu 'yan ƙungiyar Komboni ne. Kwalejin Khartum ta ci gaba da buɗe ƙofarta kowace safiya, tana koyar da 'ya'yan gari. Da yaƙi ya sake tashi a kudu a 1983, dubban mutane suka gudo gefen Khartum, ikilisiya ta bi su da makarantun rumfa a cikin ƙura. A 2001 aka ƙara reshe na gaba da sakandare, kwalejin kimiyya da fasaha ta Komboni, inda aka fara da ilimin kwamfuta. A 2011 Sudan ta Kudu ta rabu, Kiristoci da yawa suka ƙaura, aikin bai tsaya ba.

Sa'an nan ranar 15 ga Afrilu 2023 ta zo. Tsakiyar Khartum, inda makarantar take, ta zama filin daga. Azuzuwa suka zama kango, malamai da ɗalibai suka watse, waɗansu Masar, waɗansu Sudan ta Kudu, waɗansu garuruwan gabas. Ku mutanen Jazira ba sai an ba ku labari ba. Kun karɓi 'yan gudun hijirar Khartum a gidajenku, sa'an nan a Disamba 2023 wutar ta iso Madani da ƙauyukanku. Sojoji sun komo Madani a Janairu 2025, suka komo tsakiyar Khartum a Maris 2025, amma wanda ya binne ɗansa, kwanan wata ba ya share masa hawaye.

Me ya faru da aikin Komboni a cikin wannan duhu? Kwalejin kimiyya da fasaha ta tattara abin da ya ragu, ta ci gaba da darussa ta intanet, ta kuma sami mafaka a Port Sudan, inda masu koyon aikin jiyya suka ci gaba da horo. Ginin ya shiga hannun masu bindiga, makarantar kuwa ta fita da ƙafafun mutanenta.

Manzo Bulus ya kwatanta mu da tukwanen ƙasa da aka zuba dukiya a ciki. Tukunya takan tsage, takan fashe. Allah ya shirya haka domin kowa ya sani ikon nasa ne. In an kwashe kayan gidanka, in gonarka ta bushe domin tur'a ta toshe, kuka ba zunubi ba ne, Yesu ma ya yi kuka. Amma dukiyar da ke cikinka ba a kwashe ta ba. Wanda ya ta da Yesu daga matattu ya san hanyar fita daga kowane kabari.

Addu'a: Ya Allah na ta'aziyya, ka dubi Sudan da jinƙai. Ka tsai da zub da jini, ka warkar da masu makoki, ka komo da warwatsattu gida. Amin.

ASABAR
Buɗe bakin gonarka
Karatu: Markus 4:26-32

A Oktoba 2023, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin yara miliyan 19 ne ba su zuwa makaranta a Sudan. Ko inda aka sake buɗe azuzuwa daga baya, shekarun da suka ɓata sun bar rami. Yaron da ya kamata ya koyi baƙaƙe yana da shekara 6 ya kai 9 bai riƙe alƙalami ba. Saurayin da ke shirin jami'a ya ga tsaransa sun rataya bindiga. Yaron da ba a ba shi littafi ba, akwai masu jiran su ba shi wani abu dabam.

Kana iya cewa, ni wane ne? Ba ni da gini, ba ni da kuɗin Turai. Ka tuna Komboni ɗan mai lambu ne. Yesu ya kwatanta Mulkin Allah da ƙwayar mastad, ƙaramar aba wadda ke girma har tsuntsaye su sami inuwa. Ya kuma kwatanta shi da manomin da ya yafa iri, ya kwanta ya tashi, irin yana tsirowa ta hanyar da shi bai sani ba. Girma na Allah ne, yafawa taka ce.

Ga abin da za ka iya farawa da shi a mako mai zuwa. In ka iya karatu, ka tara yara 5 a inuwar bishiya ko a zauren gidanka bayan la'asar, ka koya musu baƙaƙe da lissafi. Ƙasa ma allo ce, tsinke ma alƙalami ne. Kada ka tambayi addinin iyayensu kafin ka ba su wurin zama, ka kuma gaya wa iyayen a fili abin da kake koyarwa, kada ka ƙara kome a ɓoye. In kana da tsofaffin littattafan makaranta, ka fito da su. In Allah ya buɗa maka, ka ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar maraya ɗaya. Dattawan ikilisiya, ɗakin sujadarku yana rufe daga Litinin zuwa Asabar. Ku zauna ku yi shawara a kan wannan. Ku nemi mai unguwa da limamin gari ku haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ruwa yana nan a tur'a, alherin Allah bai ƙafe ba. Gonar da aka toshe bakinta ce kaɗai ke bushewa. In har yanzu ba ka karɓi ruwan rai da Yesu ke bayarwa kyauta ba, ka roƙe shi yau, ba ya korar mai zuwa gare shi. In kuwa ka riga ka sha, ka bar shi ya wuce ta wurinka zuwa gonar maƙwabcinka.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, Babban Malami, ga ni. Ka ɗauki ɗan abin da na sani da ɗan abin da nake da shi, ka sa albarka, ka ciyar da yaran ƙasarmu. Ka ba ni haƙurin manomi har ranar girbi. Cikin sunanka na roƙa. Amin.